Albasar da ta ƙi shiga zobe

Shekarar da koperatif ɗinmu, ƙungiyar manoma, ta fara samun masu sayen albasa zuwa ƙasashen waje, ni anka aza bakin rumfar tantancewa, don ina jin Dendi, ina jin Hausa, kuma bakina bai san kunya ba. Ƙa'idar ba wuya: albasa ta bushe, wuyanta ya rufe, ba rauni. Sannan ga zobe biyu na ƙarfe. Wadda ta zurma cikin ƙaramin ta yi ƙanƙanta, wadda ta ƙi shiga babban ta yi girma. Tsaka-tsaki suka so, kai ɗaya.

Akwai wani tsoho daga wajen Gene, abokin mahaifina, Baba nike ce mishi. Ɗa guda ya rage mishi a gona, shi ma ƙafarshi ɗaya tana waje, Kotonu yake son tahiya ya yi kabu-kabu da babur. Sun yi alkawari da tsohon: in albasarsu ta hau kamyon, babbar motar kayan waje, bana, zai zauna, noma ya zama sana'a ke nan. In ba ta hau ba, a sa mishi albarka.

Baba ya zo taron da anka bayyana ƙa'idar, ya ga zoben da idonshi. Na jawo shi gefe na maimaita mishi da Dendi. Sai ya yi dariya.

"Ɗiyata, wanga wayon 'yan kasuwa ne, don su karya farashi. Tun da uwata ta haife ni ban ga wanda ya ƙi babbar albasa ba."

To, mi zan ce? A kasuwar Malanbil manyan ake jerawa a bakin buhu, da su ake ciniki, da su ake alfahari. A haka ya yi furfura.

Ranar tantancewa ya iso da amalanke, cikin rigarshi ta Juma'a. Ashe shi da ɗan sun bi amfanin gonar ɗaya bayan ɗaya sun tsince manyan, tsaka-tsakin kuwa sun sayar tuni. Da anka kwance buhu, wallahi sai da kowa a rumfar ya juyo. Jajaye, masu sheƙi, kowace ta cika hannu biyu. Na ɗauki ta farko na aza kan babban zoben, ta zauna daram. Ta biyu haka. Ta ukku haka.

Baba ya karɓi zoben daga hannuna. Ya juya albasar ta nan, ya juya ta can. Sai ya sa farce ya ɓare ɓawo ɗaya, ya gwada, ya ƙara ɓare wani. Na je wajen teknisiyan ɗinmu mai kula da tantancewa, wani yaron kudu, na roƙa, na yi faɗa, har na ce mishi marar imani. Ya ce da shi ke da iko da ya karɓa, amma kwalayen can a aune suke, in an ga manya a mayar da kayan kowa. Ɗan ya durƙusa ya ɗaure buhunan.

Da kamyon ya tashi zuwa Kotonu, ɗan yana bisa, zaune kan albasar mutane da 'yar jakarshi. Har yau in albasa ta ƙi shiga zobe a hannuna, ƙarar wannan ɓawon nike ji, sai na fita na sha iska. Abin yana ci mini rai, ban iya saba mishi ba.

Da shekara ta zagayo Baba ya komo shi kaɗai, ya rame, maƙwabta sunka sauke mishi buhuna. Tsaka-tsaki, kai ɗaya, ko guda ban fidda ba. Na ce, "Baba, barka!" Bai ko dube ni ba, ya nufi direban kamyon ya riƙe mishi hannu.

"In kun isa, ka nemi ɗana, ka ce mishi ta shiga."

Direban ya ce, "Baba, 'yan kabu-kabun Kotonu sun fi yashin kogi. Ina zan gan shi?"

Tsohon ya ce, "Dogo ne. Yana kama da ni."