Fitilar Mota Ce Ko Idona?

Aji huɗu na yi a lakkol, wato makarantar boko, sannan mahaifina ya duba ya ga gonar gyaɗa ta fi mushe, malaminmu, buƙatata. Amma a cikin aji huɗun nan akwai ranar da mushe ya zo da batir ɗin tocila da ƴar waya da ƙwan fitila, ya haɗa su a gabanmu, wuta ta kama. Tun daga ranar nake lissafa kaina cikin masanan lantarki na Matameye. Har na tsufa ba wanda ya zo ya ƙwace mini muƙamin, don ba kowa ya san ina riƙe da shi ba.

Motata bashe ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake rufa wa tampol. Ta girmi ƴata ta fari. Da ita nake ɗauko rake da kayan lambu daga Dungu in kawo gari, shekara da shekaru. Yanzu ba don abin da take kawowa nake riƙe da ita ba, ƴaƴa sun girma, tukunya ba ta jirana. Sai dai tsohon da ke da makullin mota a aljihu, in ya yi gyaran murya ana juyowa. Wanda babu, tabarma ake shimfiɗa masa a ƙofar gida a ce ya huta. Na ga abokaina da aka hutar. Da safe suna bin inuwa zuwa yamma, da la'asar su biyo ta gabas.

A bazarar da nake ba ku labari, wata rana na taso daga Dungu bayan magariba, ina kan jar hanyar nan mai gargada, sai fitilun gaba suka ƙifta. Haske ya yi ƙasa, ya dawo, ya sake yin ƙasa, kamar aci-bal-bal a bakin taga. Da na hau kwalta suka daina. Kwana biyu bayan haka suka sake, a daidai wannan wuri.

Kuskurena na farko, na faɗa wa Hajiya, matata, muna cin tuwo. Ta ce, “Allah ya sawwaƙe,” ta ƙara mini miya. Na ɗauka magana ta mutu ke nan. Washegari da la'asar sai ga ƴata ta fari ta yi sallama da jakarta ta aiki a kafaɗa. Aikin jinya take yi a gidan likita. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake ce mata, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin yi wa uwarsa tsawa ya san halin da nake ciki.

Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi ƙafa, ta tambayi baya, sannan ta ce, “Baba, an ce hanya tana yi maka duhu tana washewa.”

“Ba hanya ba, fitila. Wa ya ce hanya?”

“To, a kunna mu gani.”

Muka jira aka yi magariba. Na tayar da mota a ƙofar gida, na kunna fitilu, suka haske bangon maƙwabcinmu. Muka tsaya mu uku muna kallon bango. Na taka totur, na saki. Na daki kan motar da tafin hannu. Na girgiza ta har Hajiya ta ja baya. Fitilun nan suka tsaya cak, ko motsi, kamar ranar da aka ƙera su. Shekara talatin ina ciyar da wannan mota, ranar da na nemi ta tsaya mini shaida ta zama lafiyayyiya.

Uwata ta ce, a hankali, “Baba, abu biyu ne. In ba mota ba ce, ido ne. In kuwa ido ne, makulli zai zauna wajen Inna har mu je Damagaram a duba ka.”

Na ce idona ya ga jinjirin watan azumi kafin na kowa a unguwar nan. Hajiya ta ce lalle an yi haka, kuma a shekarar ne aka yaye autanmu, wanda yanzu yake da ƴaƴa biyu. Aka ba ni mako guda in kawo hujja.

Da safe na kai mota wajen taubashina, ɗan ƙanen uwata, wanda ke da garaji a bayan tasha. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da cin fuska ba.

“A'a, bawana ya kawo gawa. Wanka za a yi mata ko salla?”

“Kai dai buɗe kapo. Dinamo ne, ya fara gajiya.”

“Wa ya ce maka dinamo ne?”

“Ilimi.”

Ya buɗe murfin injin, ya leƙa, ya ce, “Kan batir ɗinka a ɗaure yake?” Ya miƙa hannu zai taɓa, na buge hannun. Na ce ni da nake cire batir ɗin nan in mayar da shi kusan kullum, ni za a tambaya ko a ɗaure yake? In akwai wurin da na sani a motar nan kamar aljihun rigata, to nan ne. Ya ɗaga hannu sama ya ce, “Allah ya huci zuciyar injiniya.”

Ya kwance dinamo, ya auna, ya ce lafiyarsa lau, ya fi ni lafiya. Na sa ya canza ƙwayayen fitila biyun. Na sa ya ƙara ɗaure igiyar robar da ke juya dinamon. Duk abin da na faɗa ya yi, yana ta murmushi irin na wanzamin da aka ce ya yi ƙaho a inda ba ciwo. Da yamma na bi hanyar Dungu don gwaji. Ina sauka daga kwalta suka ƙifta mini, da sababbin ƙwayayen, har sun fi da kyau wajen ƙiftawar.

Sai na ga abin da nake buƙata shaida ne, mutum mai mutunci wanda gida za su yarda da maganarsa. Na tuna ladanin masallacin unguwarmu. Akwai zumunci tsakaninmu, don duk bazara in wuta ta fara ɗaukewa, batir ɗin motata ne ke riƙe lasifikar masallaci. In an ɗauke, in cire shi in kai, a kira salla, in na tashi fita in ɗauko in mayar. Rabin ladar kiran sallar unguwar nan, a lissafina, ni da bashe muke raba ta.

Na ɗauke shi bayan magariba muka nufi hanyar. Fitila ta ƙifta, na ce, “Malam, ka gani?”

“Me?”

Na juya, ashe idonsa a rufe yake tun da muka bar kwalta, bakinsa yana ta motsi.

“Malam, shaida na kawo ka, ba rakiya ba. Buɗe ido.”

“Alhaji, ai tuƙin naka ne ya sa na ga gara in shirya.”

Ya buɗe. Muka ci gaba, ta sake ƙiftawa. Na ce yanzu fa? Ya ce, “Tsakani da Allah, na ga kamar ta yi. Amma ni tun bara duniya gaba ɗaya haka take yi mini, har cikin ɗakina.”

Na roƙe shi don girman Allah, in Hajiya ta tambaye shi, ya ce ba mu je ko'ina ba.

Ranar da mako ya cika, Uwata ta zo da kanta. Ba ta nemi makulli ba. Ta buɗe ƙofar mota ta zauna, ta ɗora jaka a cinya, ta ce, “Mu je inda take yi.” Rabon da ta shiga motar nan tun tana ƴar makaranta.

A hanya ta dinga yi mini tambayoyi irin waɗanda suke wa marasa lafiya. Yaushe abin ya fara? Na ce farkon zafi. Yana yi in mota na tsaye? A'a. A kan kwalta? A'a. Me ya canza a farkon zafi, wanda da ba a yi? Na ce ba abin da ya canza, sai dai ƴaƴa sun daina ganin girman iyaye. Ta ce ban da wannan.

Muka sauka kan gargada. Ina riƙe da sitiyari, a raina ina roƙon motar kamar yadda ake roƙon jaki a bakin rafi. Muka wuce rami na farko, shiru. Na biyu, shiru. A na uku haske ya faɗi ya tashi, ya sake faɗi.

“Tsaya, Baba. Na gani.”

Ban taɓa jin daɗin lalacewar abina ba irin na ranar. Na taka birki na ce ta maimaita. Ta ce ta gani, sau biyu. Na ce a rubuta.

Ta ce tunda girgiza ce ke tayar da ciwon, sai mu girgiza abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Muka bar inji yana aiki, na buɗe kapo. Ita ta tsaya a gaba tana kallon hasken a ƙasa, ni kuma da tocila a baki ina taɓa wayoyi, ina kiyaye yatsuna daga fanka. Na motsa wayar bayan fitilar dama, ta ce, “Tsaye.” Ta hagu, “Tsaye.” Na bi wayoyin da na sani da waɗanda ban taɓa sanin suna nan ba, tana ta cewa tsaye. Ya rage wuri guda, wanda na tsallake shi sau biyu da gangan.

“Baba, batir fa?”

“Nan ba sai an duba ba.”

“Taɓa dai.”

Na kama ƙarfen da ke riƙe kan batir. Ya juya a hannuna kamar munduwa a hannun ramammiyar tsohuwa. Fitilun suka ƙifta.

“Ta yi! Sake.”

Na sake, suka sake. Na haska da kyau. Wani farin gari mai kore-kore ya taru a wurin, kan batir ɗin kuma ya zaizaye saboda yawan cirewa da mayarwa. A tsakiya ga ɗan yankin gwangwanin tumatir da na cusa da hannuna tun farkon zafi, ranar da na gaji da neman kilen ɗaure noti kowace safiya, na ga ai in an dake shi da dutse sau biyu ma yana zama. Na tsaya ina kallon gwangwanin nan. Har zanen tumatirin yana nan a jikinsa, ja wur.

Uwata ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta juya baya dai tana gyara ɗankwali, kafaɗunta suna rawa.

Na kashe inji, na lalubo kile a ƙarƙashin kujera, na kankare garin nan da wuƙar rake, na ɗaure ƙarfen har sai da ya yi ƙara. Na tayar, na girgiza da ƙarfina, haske bai motsa ba. Na ce mata ta lura da kyau, wannan shi ake kira gano cuta, kuma ba kowa Allah ya ba ba. Ta ce ta lura.

Muka juyo gida. Fitilu fes, ramuka suna ta dukan mota, haske ko gezau. Ina ta ba ta labarin mushe da ƙwan fitilarsa, ina tsara yadda zan shiga gida da abin da zan ce wa Hajiya.

“Baba, amalanke.”

Ba ta ɗaga murya ba. Na taka birki, mota ta ja ƙasa ta tsaya. Sai a lokacin na gan shi. Amalanken shanu ne shaƙe da kara, mai shi yana zaune a sama, tsakaninmu bai fi taku huɗu ba. Fitiluna duka biyu suna kansa, masu haske, ba ƙiftawa.

Na ce, “Na gan shi ai.”

Ta ce, “To.”

Na kewaye shi a hankali. Daga nan har gida ban ƙarasa labarin mushe ba, ita ma ba ta tambayi ƙarshensa ba.

Hajiya tana tsakar gida tana jira. Uwata ta ajiye jaka ta ce, “Inna, Baba ya yi gaskiya. Mota ce, na gani da idona, kuma ya gyara ta.” Ba ta ƙara ko kalma ba. Hajiya ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta kawo abinci. Makulli ya kwana a aljihuna. Jawabin da na shirya tun daga hanya, na neme shi na rasa.

Washegari na koma wajen taubashina ya sa sabon ƙarfe, ya wanke kan batir da ruwan kanwa mai zafi. Gwangwanin kuwa ya rataye shi da waya a ƙofar garaji, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa aikin injiniya. Wannan na iya ɗauka, na ɗauki abin da ya fi shi daga bakinsa.

Abin da na kasa ɗauka shi ne zuwana Dungu na gaba. Rana tana sama na fara ɗaure kaya, ban ko gama lodi ba. Masu lambu suka ce, “Alhaji, yau lafiya? Ko shayi ba ka sha ba.” Na ce akwai uzuri a gida. Na taho da rana tsaka ina bin gefen hanya kamar mai koyo, duk inuwar bishiya sai na rage gudu in tabbatar ba saniya ba ce.

Ban sauke kayan ba na wuce gidan likita. Na samu Uwata a baranda tana wanke hannu. Ta gaishe ni, ta kawo mini kujera, na ƙi zama.

Na ce, “Wani tsoho ne ya aiko ni. Yana tambaya wace rana masu duba ido suke zama a Damagaram.”

Ta goge hannu da kyau, yatsa bayan yatsa. Ta ce, “Ka ce masa jibi ina da hutu, ni zan raka shi. Da sassafe za mu tashi.”

“Yana da mota, ya ce.”

“Ka ce masa motar tasha za mu shiga.”

Na ce zan faɗa masa, amma mutum ne mai taurin kai, ban yi alkawarin zai yarda ba. Na sa hannu a aljihu na ciro makullin na ajiye mata a kan tebur, na ce ta aika mijinta ya kai motar gida a sauke raken kafin ya bushe. Na taho da ƙafa.