Hussainin Iya Tabawa

Har yau idan na ga an rataya yaro a sikeli, ranar da Iya Tabawa ta kawo min jikanta ce take faɗo min a rai. Lokacin ni ce shugabar wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye da ke bakin kanal ɗin noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Rani ne, ana tsaka da ɗibar tumatir, duk gari ya tare a gona.

Talata ce ranar awon yara. Ga wanda bai san aikin ba, mukan sa yaro a wani ɗan wando mu rataya shi a sikeli, sannan mu zagaya dantsensa da tef mai kala uku. Kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuma sai mu tura babban asibiti.

Iya Tabawa ta kwance goyo ta miƙo min. Sunansa Hussaini, ya doshi shekara biyu, amma ko tsayuwa ba ya yi sai an riƙe shi. Tef ya tsaya a rawaya, dab da ja. Na san idan damina ta shigo da zazzaɓinta ta same shi a haka, da wuya ya kai kaka.

Na ce, "Iya, me maigidan naki yake ci?"

Ta ce, "Kunu mana, da shayi. Ke 'yar nan, kada ki wahalar da kanki. Gado ne. Kakansa, Allah ya jiƙansa, har ya mutu tsawonsa bai wuce kafaɗata ba. Gidan nan ba a yin manya."

Ba ƙin yaron take ba, son shi ne ya yi mata yawa. Wuni yake a bayanta, ba ta yarda ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Da na ambaci ƙwai, sai ta riƙe baki.

"Ƙwai? So kike na koya wa mijina sata?"

Ni dai na san halin tsofaffin ƙauyen nan. Ka ja da su, sun ɗauke ƙafa ke nan. Sai na koma kan sunan. Na ce ai ba a yin Hussaini babu Hassan, ina ɗan'uwan? Ta ce uwarsu ce ta samu ciki tana goyo, aka yaye su da wuri. Ita ta ɗauki Hussaini, Hassan kuma aka kai shi wajen goggonsu Ladi a wani ƙauye can gaban Bunkure, inda mijinta yake kamun kifi.

Na ce, "To Iya, alfarma ɗaya. Talata mai zuwa a kawo min su tare, ina son ganin tagwaye."

Suka zo kuwa. Ladi ta sauko daga adaidaita, kafin ta gama gyara mayafi Hassan ya sulale ya bi wata akuya da gudu. Da aka kamo shi, na zaunar da su a tabarma ɗaya. Fuska ɗaya, kunne ɗaya, har hannun hagun da suke miƙowa ɗaya. Amma Hassan ya kusa yin biyun ɗan'uwansa. Matan da ke layi suka matso suna kallo.

Na ce, "Iya, shi wannan wane ne kakansa?"

Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Can ta juya wajen 'yarta: "Ke Ladi, me kike ɗura wa yaron nan?"

"Abin da muke ci, Iya. Ɗan kifi, wake, zogale, ƙwai idan kaza ta yi. Kuma wuni yake cikin yara."

Na ce, "To me ya taɓa sata?"

Ladi ta ce, "Ban da tumatirina da yake tsinkewa tun yana ɗanye, babu."

Wurin ya kaure da dariya, har da Iya, tana dariya tana share ido da bakin zane. Ranar muka yi yarjejeniya. Za a riƙa dama kunun da gyaɗa, a murza wa Hussaini kifi da ƙwai a abinci, a sauke shi ƙasa ya yi wasa. Ladi ta yarda ta bar Hassan ya yi musu 'yan makonni, ko ɗan'uwan zai yi kwaɗayin binsa.

Kafin ruwan farko ya sauka tef ya koma kore. Wata Talata ina cikin rubutu na ji guɗa a ƙofa. Iya Tabawa ce, ga Hussaini a gabanta yana tahowa da ƙafarsa, yana tangaɗi kamar ɗan tinkiyar da aka haifa yau. Wallahi ban san lokacin da na jefar da biro na rungume tsohuwar nan ba. A duk shekarun aikina ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Bara na koma ƙauyen biki. Aka nuna min samari biyu suna loda buhunan albasa a mota, kowanne ƙirji kamar faifai, amma dukansu gajeru. Iya Tabawa, da yanzu sai da sanda, ta dungure ni.

"Kin gani ko? Na ce miki gado ne."

Na ce, "Kin yi gaskiya, Iya."

Kuma ta yi gaskiyar, rabinta. Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin yanzu, idan tsohuwa ta ce muku gado ne, kada ku ƙaryata ta, kuma kada ku naɗe tef ɗinku. Kakansu ya bar musu gajarta, wannan babu asibitin da zai canza ta. Amma ƙafar da Hussaini yake hawa mota da ita da buhu a ka, a kwanon Iya Tabawa ya same ta.