Ƙwaryar Uwata da Masakin Pitowa

Ni zabiya ce, 'yar zabiya. Duk gidan mahauta a Garwa, in an yi biki a cikinsa a zamanina, muryata ta riga amarya shiga ɗakin. Ban yi lekol ba, wato boko, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma baitin waƙa bai taɓa ɓace mini ba. Kiɗanmu na ruwa ne: a cika baho, a kifa ƙwarya a kai, a buga. Tawa ƙwaryar gadon uwata ce, ƙarama, mai siririyar murya, da ɗinki a gefe inda ta taɓa tsagewa. A al'adar gidanmu zabiya ba ta buɗe baki sai ta ƙwanƙwasa ƙwarya ta saurara. Inda ƙwarya ta tsaya, daga nan waƙa take tashi.

Bara, a wani taron suna, na ɗauko waƙar da aka fi sanina da ita. Akwai wurin da take hawa sama. Ina isa nan muryata ta karye kamar an taka busasshen kara. Mata suka rufe ni da guɗa, don su yi mini kara. Na gama, na naɗe tabarmata, ban tsaya cin tuwo ba.

Da aka sa ranar auren ƙaramar jikata, ɗana ya zo ya durƙusa yana sosa ƙeya. "Inna, ki huta haka. Dangin ango za su kawo masu lasifika, su yi waƙar lallen." Na ce masa na ji. Waƙar lalle a gidanmu, tun daga kakata, ba a taɓa ba baƙo ba, balle akwatin ƙarfe.

Yayar amaryar, babbar jikata, malamar kiɗa ce. Da la'asar takan tara yaran unguwa a gindin darbejiyar tsakar gida, da piyanonta mai batir, tunda kuran ɗin Garwa, wato lantarki, ba shi da alkawari. Ni kuma ina gefe ina tsince shinkafa, ina yi kamar ba na ji. Do, re, mi, fa, sol. Ta ce musu sunan wannan gam, matakala ce: ka hau ɗaya bayan ɗaya, ka tarar da do ɗin da ka bari a ƙasa tana jiran ka a sama. Sai ta danna yatsu uku a tare, ta ce wannan akor ne. Sautin ya zauna daram. Ban san lokacin da na ce, "Ai murhu ke nan, duwatsu uku, a ɗora tukunya." Yaran suka kwashe da dariya. Har yau murhu suke ce masa.

Wata rana wata yarinya mai kaurin murya ta kasa kai wa saman waƙar da suke koyo. Jikata ba ta yi mata faɗa ba. Ta matsar da hannunta hagu, ta sake bugawa, yarinyar ta rera sumul.

Na ce, "Ke 'yar nan, kin canza musu waƙa."

"Ban canza ba, Kaka. Gida na sauya mata. Matakalar ita ce dai, daga ƙasa muka fara hawa."

Da yaran suka watse ta ɗauko baho, ta kifa ƙwaryata, ta ƙwanƙwasa, ta lalubo muryar ƙwaryar a jikin piyano. Sannan ta sauka ƙasa kaɗan. "Ɗauko ta lallen daga nan mu ji."

"Waƙar uwata ba 'yar haya ba ce da za a riƙa yi mata ƙaura."

"Tsohuwa mai rigima! Uwar taki waƙa ta bar miki, ko ƙwarya?"

Na ce ta tashi ta ba ni wuri, yarinyar da na yi wa uwarta wankan jego. Ta tafi tana dariya, ta bar ni da bahon.

Na daɗe zaune ina kallon ruwan. Abin da ya zo mini shi ne ranar da uwata ta miƙo mini wannan ƙwarya. Ba ta tsufa can ba, tana daka, tana zuwa bakin kogin Binuwai wanki da ƙafarta. Cewa ta yi maƙogwaronta ya rufe. Daga ranar ba ta sake waƙa ba har ta koma ga Allah, kuma na sha ganin leɓenta yana motsi in ina rerawa. Ashe wataƙila bai rufe ba. Muryarta ce ta sauko, kamar yadda ta kowa ke saukowa, ƙwaryar kuwa ta tsaya a ƙuruciyarta, kuma babu wanda ya gaya mata ana iya fara hawa daga ƙasa.

Ranar Lahadi na hau taksi zuwa kasuwar Pitowa, ni kaɗai. Na bi rumfar masu ƙore ina ƙwanƙwasa masakai ɗaya bayan ɗaya, ina gunguni a hanci, har mai kayan ya tambaye ni da Fulatanci ko fura zan dama ko aljanu nake kira. Na ce masa ya yi cinikinsa. Na samu wanda muryarsa ta yi daidai da tawa ta yanzu, na ɗauro shi a zane.

Ranar lalle na sa aka kashe lasifika. Na kifa masakin, na ƙwanƙwasa, na saurara, na tashi daga inda ya tsaya. Da na iso wurin da take hawa sama, irin wanda ya karya mini murya bara, na wuce shi. 'Yan amshina, tsofaffi irina, suka karɓa da ƙarfin da na daɗe ban ji ba. Ashe su ma shekara da shekaru suna ɗage wuya ba su faɗa ba. Amarya ta yi kukanta a ƙarƙashin mayafi yadda ya kamata. Malamar kiɗa tana bayana, tana matsa mini kafaɗa. Ban waiwaya ba, kada kanta ya kumbura.

Ƙwaryar uwata tana rataye a ɗakina. Wani lokaci nakan sauko da ita in ƙwanƙwasa, in saurari muryar nan siririya. Ba na amsa mata. Nakan dai riƙe ta a cinya, in rera wa mai ita waƙar daga ƙasa, inda da ta iya bi na.