Ranar da Kibod Ɗina Ya Daina Kiɗa

A ƙauyenmu, can bayan Wagini, lokacin sanyi shi ne lokacin tatsuniya. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai kakata, wadda dukanmu jikoki muke kira Iya, ta kwaso garwashin murhu zuwa bakin ɗakinta, ta ƙara masa karan dawa. Mu bakwai ne muke kewaye ta, kowa da 'yar gyaɗarsa yana turawa cikin toka. Ba ta farawa sai ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. In wani ya juya yana wasa da ɗan akuya, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

"Ni ban yi wa ƙeya tatsuniya," haka take cewa. "Mai son ji shi dube ni." Idan kowa ya natsu sai ta ce, "Ga ta nan ta iso ƙofa." Mu kuma mu amsa, "A buɗe mata ta shigo."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta wani makaɗi, Ɗanbaro, da ya gaji ganga daga ubansa. Aka yi shekarar fari, rijiyoyi suka ƙafe, ba biki ba suna. Uwarsa tsohuwa tana kwance da ƙishirwa, tulunsu kuma ya fashe. Sai Ɗanbaro ya zare fatar gefe guda ta gangar, ya liƙe ɗayan gefen da ƙaro, ya riƙa tafiyar rabin yini zuwa wani tafki yana ɗebo ruwa a ciki. Mutane suka yi ta masa dariya, wai ya mayar da gadon ubansa guga. Da ruwan sama ya dawo ya sake ɗaura fata, amma iccen ya sha ruwa, muryar gangar ta dushe, ba mai iya rawa da ita.

"Sai me ya faru, Iya?" na tambaya.

"Ba abin da ya faru, maigida. Uwar ta rayu, gangar ta ɓaci."

Na kwana ina jin haushin Ɗanbaro, domin ni a lokacin ba gwangwanin da ke tsira daga hannuna, sai na mayar da shi ganga.

Da na girma na koma Batsari na buɗe ɗan situdiyo: kwamfuta ɗaya, makirufo, da ƙaramin kibod na kiɗa mai madannai ashirin da biyar. Shi kansa ba ya fitar da sauti. Saƙo kawai yake aika wa kwamfuta ta waya, ita ce ke mayar da shi kiɗa. Da shi na yi waƙoƙin amare da tallan masu shago, har 'yan bindiga suka addabi yankinmu. Aure ya koma na gaggawa, a ɗaura a watse kafin la'asar. Kibod ya yi wata da watanni a lulluɓe.

Bayan hari na biyu ƙauyenmu ya tashi gaba ɗaya. Iya ta iso Batsari a bayan babur da ƙullin kaya guda. Idonta ya yi rauni, abinci sai an lallaɓa ta, magana kuma ta ragu ƙwarai. Na ga alamar in ban yi sauri ba, duk abin da ke kanta zai tafi tare da ita.

Na kawo ta shago bayan la'asar, na shimfiɗa mata tabarma, na saita makirufo don in ɗauki muryarta. Na zauna gaban kwamfuta, hannuna a kan maus, na ce, "To Iya, bismilla." Ba ta ce uffan ba. Washegari ma haka. A rana ta uku ta ce, "Sada, wa nike ba labarin? Kai, ko gilashin nan da ka ƙura wa ido?"

Ta faɗi gaskiya, amma ba ni da yadda zan yi. Fara ɗauka, tsayawa in tari ya taso mata, ƙara ƙarfi in muryarta ta yi ƙasa, duk sai na kalli allo.

Da safe na yaye zanen da ke kan kibod. A cikin manhajar ɗaukar murya akwai wurin da za ka zaɓi umarni, ka ce mata ta saurara, ka taɓa madanni, ita kuma ta riƙe shi. Na ba farin madanni na farko aikin fara ɗauka, na biyu tsayawa. Ɗan abin murɗawa da nake sauya amon kiɗa da shi ya koma na ƙarfin murya. Baƙin madanni na farko na mayar da shi mai sa alama, biyun da ke binsa kuma na komawa alamar baya da tsallakawa ta gaba. Gwajin farko bai yi ba: da na taɓa, sai ga ƙarar fiyano ta shiga cikin ɗaukar. Dole na bi na kashe kayan kiɗan gaba ɗaya, na goge saitin da na shekara uku ina tarawa. Na ɗan jima hannuna a kan maus kafin na danna. Daga nan na manna guntun salatif a kan madannin farko don yatsa ya gane shi ba sai na duba ba, na juya allon ya fuskanci bango.

Da la'asar na zauna a kan tabarma gaba da gaba da ita, kibod a cinyata. Ta daɗe tana dubana da ɗan ganin da ya rage mata.

"Tatsuniya kun ji ta tun kuna ƙanana," in ji ta. "Wadda ba ku sani ba ita zan ba ka."

Sai ta fara daga gidan farko na gabashin ƙauyenmu. Wane ne mai gidan, daga ina kakansa ya zo, a wace tsamiya gonarsa ta tsaya, wa aka kashe, wa aka tafi da shi, wa ya gudu Safana. Duk lokacin da ta shiga sabon gida sai in taɓa baƙin madanni in sa alama. Wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci ta ɗaga hannu in tsaya har ta dawo daidai. Zama tara muka yi kafin ta kai gidan ƙarshe na yamma. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Ina yaro na ɗauka labarin Ɗanbaro labarin asara ne. Yanzu na gane Iya ba ta ɓoye mana asarar ba, so take mu san akwai shekarar da ba a tambayar abu don me aka yi shi, sai dai me zai iya yi wa mutanen da ke gabanka. Ban mayar da kibod ɗin ga kiɗa ba, ko da aka fara samun biki jefi-jefi.

Watan jiya wata mata, Hajara, ta zo daga Safana da 'yarta mai shekara biyar. Tana da cikin yarinyar aka kashe mijinta, Idi, a gona. Ta gaishe ni ta ce ta ji an ce yana cikin labarin Iya da na ɗauka. Na yi ta tsallaka alama har na iso gidansu. Muryar Iya ta fito: "Idi mai jaki. Shi ka riga kowa fita gona. In ya yi dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano, har bakin rijiya ana ji."

"A maido," in ji Hajara.

Sau huɗu na maido. A na ƙarshe yarinyar ta ja bakin hijabin uwarta.

"Inna, haka yake dariya?"

Hajara ta share fuska da tafin hannu. "Haka yake," ta ce. "Ke ma haka kike."