Bindigar Baba Yila

Gidanmu na Tudun Wada gidan maƙera ne, amma ni ban tarar da ƙira a cikinsa ba. Kakana Malam Sule ya rasu tun kafin a haife ni, kuma cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaji masaba. Mahaifina tuƙi ya kama, ƙannensa suka shiga kasuwa. Abin da ya rage na sana'ar shi ne tsohuwar rumfar maƙera a bayan zaure, sai kuma matar maƙerin, wadda duk gidan muke kira Dada.

Dada ba ta son shiga ɗaki da wuri. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai ta sa a jawo mata karan auduga a hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta ɗora kasko ta zuba gyaɗa. Ƙamshin gyaɗar nan shi ne kiran. Mu bakwai ne a lokacin, da ni da yayata Rabi da 'ya'yan baffanninmu, kowa na ture kowa don ya samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Ni take zaunarwa kusa da gwiwarta, wai ni ne mijinta, ko da yake kullum sai ta yi mini gorin cewa ban taɓa kawo mata cefane ba.

Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi ta iya su kamar kowace kaka. Amma akwai labari ɗaya da sai mun yi ta roƙo kafin ta ba mu, kuma idan za ta fara shi sai ta ajiye ludayin juya gyaɗa ta ce, "Wannan ba ƙirƙira ba ce. Da idona na gani, wanda zai yi dariya ya tashi tun yanzu."

Ta ce tana amarya, shekararta biyu a gidan, wani mutum ya yi sallama a maƙera da wani dogon abu naɗe a buhu. Sunansa Yila, maharbi ne, Batangale daga ƙauyukan kudu. Dogo ne, kuma idonsa na dama a rufe yake, domin bindigar toka ta taɓa yi masa amai a fuska. Ya kwance buhun, sai ga wata tsohuwar bindigar Turawa, ƙotarta a karye, jikinta duk tsatsa. Wani Bature mai aikin awon hanya da ya yi wa jagora a daji ne ya bar masa ita. Harsashinta an daina kawowa, sai kwanson tagulla guda goma sha bakwai da ya adana a cikin zabira.

A nan Dada kan sauya murya ta kwaikwayi Hausarsa, ba don raini ba, don tana son mutumin. "Maƙeri, bindiga na ya mutu. Ina so ka tashe shi."

Abin da ya kawo shi ba ƙaramin abu ba ne. Wani ƙaton gadu ya addabi gonakin ƙauyensu, yana tone rogo da gyaɗa, abincin shekara guda ya lalata shi a kwana uku. Yila ya harbe shi da bindigar toka, amma tun da ya rasa ido ɗaya saitinsa ya lalace, ita kuma bindigar toka ba ta nisa. Ya ji wa dabbar rauni kawai. Gadun ya haukace, ya yi kan ƙanensa da ke noma a kusa, ya farke masa cinya da haure. Ƙanen ya rayu, amma da sanda yake tafiya. Yila ya ce tun daga ranar ba ya iya haɗa ido da matar ƙanen nan.

Abubuwa biyu ya nema. A yi masa ƙota wadda za ta zauna a kafaɗar hagu, don ya yi saiti da idon da ya rage. Sannan a sauya wa kwanson nan siffa, cikinsa ya ƙara faɗi, bakinsa ya tsuke, yadda harsashin zai yi nisa ya tafi a miƙe, a kuma gyara bindigar ta karɓe shi. Ya daɗe yana tunanin abin, har zane ya yi wa kakana a ƙasa da tsinke.

Kakana ya ƙi. Ya ce shi garma da fartanya da bindigar toka ya gada, bai taɓa jin wanda ya yi wa harsashin Bature kwaskwarima ya kwana lafiya ba. Yila bai yi musu ba. Ya naɗe buhunsa ya koma gindin dalbejiyar ƙofar gida ya zauna. Washegari ma ya zo ya zauna. A rana ta huɗu, in ji Dada, ita ta kai wa mijinta fura ta tarar da shi tsugune a kan zanen nan, ya kewaye shi da duwatsu don kada kaji su goge.

"Na ce masa, Malam, ba ka ce ba za ka yi ba? Ya ce, Hajo, ai ba yi zan yi ba, dubawa kawai nake." Ta kan yi dariya a nan har sai ta yi tari. "Dubawar da ta ɗauke mu wata biyar!"

Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa sai Yila ya je ya samo takardar izini daga hukuma kafin ya taɓa ƙarfen. Ya je ya samo. Aka fara aiki.

Wannan sashen ne na fi so ina yaro. Kakana ya tsayar da Yila a tsakar maƙera ya auna shi da igiya kamar tela: daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, daga kunci zuwa ido, har tsawon yatsan da zai ja kunama. Ya samo busasshen icen maɗaci ya sassaƙa ƙota, ya miƙa masa. Yila ya ɗaga ya rufe ido, ya buɗe, ya ce ta yi masa tsawo da faɗin yatsa. Aka rage. Ya ce kuncinsa ba ya zama daidai. Aka sake wata. Sai a ƙota ta uku ya ɗaga, ya ce, "Wannan ya san ni."

Ƙarfen ne ya ba da wuya. Kayan aikin da ake bukata babu su a kasuwa, sai da kakana ya ƙera su da kansa daga tsofaffin magagarai. Kwanso huɗu suka tsage a hannunsa, kowanne kuwa ya tsage Yila sai ya ɗauka ya juya shi ya mayar zabira. Masu garma suka gaji da jira suka koma wasu maƙeran. Mata a bakin rijiya suka fara yi wa Dada jaje tun kafin abu ya faru, wai mijinta zai kashe baƙo a kama shi. Ta ce ta yi kuka a ɓoye ya fi sau nawa, amma kullum sai ta zuba tuwo kwano biyu, da na maƙeri da na baƙonsa.

Ranar gwaji suka fita bayan gari wajen dutsen Liji. Dada ta ce ita ma sai ta je, in mutuwa ce a yi a gabanta. Suka ɗaure bindigar a jikin kututture, suka ɗaura doguwar igiya a kunamar, suka laɓe bayan suri. Yila ya miƙa hannu zai ja, kakana ya riƙe shi. "Ni na ƙera. In za ta ci wani, ta fara da ni."

Ya ja. Ƙarar ta tashi tsuntsayen dutsen gaba ɗaya. Da hayaƙi ya washe, bindiga na nan lafiya, tulun da suka kafa can nesa, inda da ƙyar ake hango shi, ya zama tsingaro.

Bayan sati uku Yila ya dawo da haure biyu a hannu. Harbi ɗaya ya yi, daga nisan da gadun bai ko ji warinsa ba, dabbar ta faɗi inda take tsaye. Ɗaya hauren ya ba kakana, ɗayan ya ce na ƙanensa ne.

Mu yara a nan muke so labarin ya tsaya. Dada ba ta taɓa yarda ba. Sai ta ƙara kara a wuta ta ce, "Ku zauna, saura wanda ya fi."

Shekara goma sha biyar Yila yana riƙe da bindigar nan. Ƙauyuka kan aiko a kira shi idan dabba ta dame su, kuma ba a taɓa jin ya bar wata da rauni ba. Masu hali sun zo wajen kakana a yi musu irinta, ya ce ba ya maimaitawa. Duk kaka Yila kan kawo wa Dada doya da zuma, yana kiranta uwargida, ita kuma tana kiransa Baba Yila.

Sai wata rana da la'asar ya shigo maƙera babu sallama. Ya zauna a ƙasa ya ce a ba shi ruwa. Da safen nan ya ga motsi cikin ciyawa a bakin rafi, abu mai ruwan ƙasa, a duƙe. Ya ɗaga, ya yi saiti, yatsansa ya riga ya hau kunama. Sai abin ya yi tari. Mace ce, tana tsintar ice, da goyo a bayanta. Ba ta ma san yana wurin ba.

Ya ce ya daɗe da sanin hazo ya fara shiga idon nan ɗaya da ya rage masa, yana ɓoyewa. Ya tura buhun gaban kakana. "Kai ka tashe shi. Kai za ka kashe shi."

Kakana ya ce a rataye ta a ɗaki mana, ai ba sai an lalata ba. Yila ya girgiza kai. Ya ce ya san kansa. In tana rataye, ranar da aka zo ana kuka dabba ta cinye gona, zai sauko da ita.

Dada ta ce ba ta taɓa ganin mijinta ya yi jinkirin hura wuta kamar ranar ba. Ya daɗe yana shafa ƙotar. Sannan ya sa bututun a wuta har ya yi ja, ya ɗora a uwar maƙera, ya sare shi gida uku. Yila na riƙe masa da awartaki. Su biyun hawaye na zuba, kowa na cewa hayaƙi ne.

"To ya aka yi Baba Yila ya ci abinci bayan nan?" Rabi ce kullum mai wannan tambayar.

"Tabarma ya koma saƙawa. Ba ta yi kyau ba, amma mun saya." Daga nan sai ta kakkaɓe zaninta. "Gyaɗa ta ƙare, bakina ya gaji. Kowa ya nemi makwancinsa."

Ina yaro haushin ƙarshen nan nake ji. A ganina wauta ce a yi wata biyar ana wahala a kan abu, a zo a sare shi saboda matar da ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na taɓa gaya wa Dada haka. Ta dube ni ta ce, "Maigida, ka dai girma."

Na girma, na gaji mahaifina. Shekara ashirin da shida ina jan mota tsakanin Gombe da Kano, ban taɓa buge ko akuya ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata. Bara ciwon suga ya fara taɓa mini ido. Da rana lafiya lau, amma da rana ta yi ƙasa sai abubuwa su fara haɗewa. Ban gaya wa kowa ba, har matata. Ina da 'ya'ya biyar a makaranta, kuma ban iya wata sana'a ba.

Wata yamma ina shigowa gari ta wajen Kagarawal da fasinja cike, na ga wani abu baƙi a gefen titi, na ɗauka leda ce iska ke kaɗawa. Ban rage gudu ba. Sai da na zo daf na ga yarinya ce da tiren awara a ka, tana shirin tsallakawa. Na murɗa sitiyari, madubin motar ya wuce ta da abin da bai kai taƙi ba. Fasinja suka yi salati, wani ya zagi yarinyar. Na gangara gefe na kashe mota, na ce musu injin ne ya yi zafi. Na fita na buɗe gaban motar na tsaya ina kallon injin.

Na yi kwana biyu ina ba kaina uzuri. Na ce zan riƙa tuƙin safe kawai. Amma na san hanya, na san yadda lodi ke jinkiri a tasha, na san ranar da kuɗin makaranta ya matso zan ce yau ɗaya dai. A nan ne na gane abin da Dada ke nufi da wanda ya fi. Ƙera bindigar aikin gwaninta ne, kowa ya gani ya yaba. Amma mutumin da babu wanda ya gan shi a bakin rafi, wanda da ya yi shiru da babu mai sani har abada, shi ya ɗauko abin da ya fi so a duniya ya kawo a sare da kansa.

A rana ta uku na kira ƙanena Bello na miƙa masa makulli. Ya ce, "Hamma, lafiya?" don haka muke kiran babban wa. Na gaya masa gaskiya. Na ba matata lasisina na ce ta ajiye inda ba zan sani ba.

Yanzu a tasha nake zama, ina rubuta sunayen fasinja da wani gilashi mai kauri. Abin da nake samu bai kai rabin na da ba, kuma ba zan ce ba ya yi mini ciwo ba. Kullum da safe Bello kan fita da motar ta gabana, kuma har yau bai iya shiga giya ta uku ba sai ya sa ta kuka. Ina ji hannuna na dama ya motsa da kansa. Sai in mayar da shi kan biro, in ɗaga kai in ce, "Hajiya, ina za ki, Kano ko Bauchi?"