Takardar Rahma da Na Ƙi Bin Yaya Hafsatu Mu Karɓo

Shekara shida ke nan cif da muka binne Yaya Hafsatu, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace na zauna rubuta wannan. Jiya aka yi mata saukar Alƙur'ani a gidana a unguwar Bani Malik. Na zauna ina ji da kunnena mutanen da suka riƙa tura ƙofa idan sun hango ta suna rantsuwa cewa ba a taɓa yin mace irinta a Jidda ba. Na so in yi musu tatas, sai na tuna a wajen tura mata ƙofa ni ne limaminsu.

Ga wanda bai san ta ba, yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riga ni barin Damagaram, ita kuma ta jawo ni nan. Ta fi shekara ashirin tana shara da dafa shayi a ofishin wani lauya a Balad, tsohon cikin garin Jidda. Ba ta yi boko ba, Larabcinta ma na kasuwa ne, amma Allah ya ba ta kunne. Tana zuba shayi tana sauraron abin da ake faɗa wa masu zuwa da maganar marayu, har ta gane cewa a ƙasar nan riƙon maraya ba ya tsayuwa da fatar baki. Sai an je mahkama, wato kotu, alƙali ya ji shaidu, ya ba da takarda mai faɗin wane ne uban yaro, wace ce uwarsa, wa kuma aka ɗora wa riƙonsa. Idan matar gida ta shayar da shi, wannan ma a rubuta.

Mu kuwa baƙin unguwar Karantina muna da namu tsarin, muna kuma alfahari da shi. Ranar sadakar uku, bayan an gama addu'a, sai wani ya miƙe ya ɗauki marayan ya ce daga yau nasa ne. Liman ya shafa fatiha, mata su share hawaye, shi ke nan an gama. Daga ranar ba wanda zai sake ambatar sunan uban a gaban yaron, don kada ya tashi yana jin shi bare ne. Na rantse babu abin da ya fi wannan kyau a ido, kuma shekaru sun nuna mini babu abin da ya fi shi cutar yaro a garin da ko maganin zazzaɓi za a ba ka a asibiti sai an tambaye ka lambar iƙama, wato katin izinin zama a ƙasa.

To daidai lokacin da hannuwa ke sauka daga fuska ne Yaya take magana daga cikin mata: “Madalla, Allah ya ba da lada. Lahadi da safe wa zai bi ni mahkama?” Ba ta jira a tashi daga tabarmar makoki, ba ta jan mutum gefe, ba ta san wani abu wai shi kara ba. Har suna aka laƙaba mata, Hafsatu Mahkama. Ta matsa wa ubangidanta lauya lamba har ya yarda ya riƙa duba irin waɗannan iyalai ba tare da ya karɓi komai ba. Ita ce tafinta, ita ce mai bi gida gida tana tattaro shaidu, ita ce mai zama a benci tun safe da jinjirin wasu a goye. Sakayyarta a wurinmu ita ce a ce ta mai da zumunci takarda.

Nawa laifin ga shi. Ina da aboki, Idrisa, direba ne mutumin Chadi, ɗakinsa na jikin nawa. Ya rasu a hatsari matarsa Halima tana da ciki, ita ma ba ta daɗe bayan haihuwa ba ta bi shi. Jinjirar, Rahma, tana wata huɗu. Matata Zulai tana goyon ɗanmu a lokacin, sai ta haɗa su ta shayar. Ni na miƙe a tabarma na ɗauke ta, kuma har gobe ban yi da-na-sanin wannan ba.

Yaya ba ta ko bari an kwana biyu ba ta shigo. Ta ce, “Sani, takardar asibiti tana hannunka, shaidu suna raye, lauya ya ce mu zo. Yalla, tashi.”

Na ce, “Yaya, ba zan tsaya gaban alƙali in faɗa da bakina cewa 'yata ba 'yata ba ce.”

Ta ce, “Alƙali ba raba ka da ita zai yi ba, ɗaura maka ita zai yi. Kai dai kanka kake karewa, ba yarinyar ba.”

Wannan maganar ta ƙona ni, na yi wata huɗu ba na gaishe ta. Shekara goma sha ɗaya tana dawowa da zancen, ranar salla, ranar suna, har a gadon jinyarta na ƙarshe. Abu ɗaya ta yi mini, na roƙe ta kada ta faɗa wa Rahma, kuma ba ta faɗa ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa da ta iya lallashi da na bi ta. Ƙarya nake yi. Ta gwada lallashin sau biyu ko uku, abin bai yi mata kyau ba, ni kuma ban motsa ba.

Da za ta leƙo yau, ban san da wanne za ta fara faɗa ba. An rushe Karantina. Limamin da ya shafa fatihar Rahma ya rasu. Maƙwabciyar da ta ga shayarwar ta koma Sudan, lambarta ta daina shiga. Lauyan Balad ya tsufa ya rufe ofis. Mutanen da a da idan ka tsaya bakin layi ka ɗaga murya za su fito su goma su shaide ka, yanzu wani yana Makka, wani yana Maraɗi, wani ba wanda ya san inda ya nufa. Mun dogara da cewa unguwa ta sani, ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa unguwar ce za ta riga mu tafiya ba. An kuma ce yanzu an sauƙaƙa, komai ta waya ake shigarwa. Haka ne, sai dai abu na farko da wayar ke tambaya shi ne lambar da Rahma ba ta da ita.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba mu koyi komai ba. Watan jiya na je ta'aziyya nan Bani Malik. Wani bawan Allah ya miƙe ya ɗauki yaro ɗan shekara biyu, aka shafa fatiha, kowa yana sa masa albarka. Na duba cikin mata, na duba cikin maza, ba wanda ya ce uffan. Ni ma na buɗe baki na mayar na rufe, don ina tsoron a ce ga ƙanen Hafsatu ya gaje ta.

Ita Rahma haka ta tashi. Makarantar gwamnati ba ta shiga ba, sai ta wata malama a cikin gida. Idan ba ta da lafiya sai kantin magani. Ranar da muka kwashe kaya daga Karantina, a bayan mota ta zauna kanta a sunkuye har muka iso. Duk lokacin da ta tambaye ni me ya sa ƙannenta suna da iƙama ita ba ta da ita, sai in ce ana kan aikin takardunta. Na kuma bi 'yan tsakiya har uku, irin masu ce maka “halas, an gama, bar mini”, don su ba za su sa ni in faɗi gaskiya ba. Kowannensu ya ci abin da ya ci ya daina ɗaukar waya.

Wata biyu da suka wuce Zulai ta gaji da ni, ta kai ni wajen wata lauya, Ustaza Amal, 'yar ƙasar nan ce amma kakanninta daga Kano suka zo. Tana jin Hausa sarai, mayarwa ce ke ba ta wuya. Ta buɗe takardar asibitin da na ɓoye shekara goma sha bakwai a ƙasan akwati, ta duba ranar haihuwa, ta ɗago ta dube ni.

“Ya ammi, leish? Baffa, me ya sa ka jira?”

Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce da takardar alƙali za a iya zuwa ofishin jakadancin ƙasar uban a nemi fasfo, daga nan a san abin yi. Amma riƙo na ƙaramin yaro ne, da zarar Rahma ta cika sha takwas wannan ƙofar ta rufe, hanyar da ta rage kuma doguwa ce, ƙarshenta yana iya zama a tura ta ƙasar da ba ta taɓa gani ba, ba ta san kowa ba. Ana bukatar shaidu maza biyu da suka san Idrisa da Halima. Sannan dole in faɗa wa yarinyar, don alƙali zai tambaye ta.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar na zaunar da ita, Zulai na gefe. Na faɗa mata komai, na miƙa mata takardar. Ta karanta sunayen iyayenta biyu a hankali. Ni na shirya wa kuka, na shirya ta ce ashe ba jininmu ba ce, har na tanadi amsar da zan ba ta. Ba ta tambayi wannan ba.

Ta ce, “Abba, Gwaggo Hafsatu ta san akwai hanya?”

Na ce ta sani.

“Tun yaushe?”

Na ce tun tana wata huɗu.

Ta ce, “Ni na ɗauka babu hanya ne. Duk shekarun nan tausayinka nake ji, ina cewa kana ta wahala a kaina.”

Har yanzu Abba take kira na, tana kawo mini abinci, tana gaishe ni da safe. Amma ta daina tambayata komai a kan takardunta, Ustaza Amal take kira da kanta.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa a ido. Ɗakinta ya zama fili, ba ta bar ɗa ba, ba ta bar dukiya ba. Akwai dai samari da 'yan mata a garin nan da ke shiga asibiti kansu a ɗage, suna aiki, wasu sun yi aure, don wata mai shara ta ɓata wa iyayen riƙonsu rai a ranar makoki. Yawancinsu ko sunanta ba su sani ba, kuma na san ba za ta damu ba. Wadda ta fi so a cikinsu duka ita ce ba ta samu ba, kuma ni na hana. Allah ya jiƙan Hafsatu, ya sa fitinar da ta yi mana ta zame mata haske a kabari.

Mun samu shaida ɗaya, wani tsoho a Makka da suka yi tuƙi tare da Idrisa. Saura ɗaya. Idan kai ɗan Karantina ne, ka san Idrisa direba mutumin Chadi da matarsa Halima, ko kana wace ƙasa, shagona na darduma a Balad bai tashi daga inda ka san shi ba. Ka zo, ko ka aiko. Wata biyar suka rage mata.