Ƙafar Hagun Baba da Sandar Golf

Shekarar da ɗan acaba ya buge Baba a shataletalen Mokola, ita ce shekarar da maigidana ya kamu da ciwon golf. Ciwo nake ce masa har yau, don ban san wani suna da ya dace da mutum mai 'ya'ya ya tashi da asuba yana bin ƙwallo cikin ciyawa ba. Abokan kasuwancinsa Yarbawa ne suka koya masa. Kullum ya dawo sai ya tsaya gaban madubina yana murza ƙugu, yana yi mini bayanin cewa sirrin bugun duk a ƙafa yake. In ka ɗaga sanda, nauyinka ya koma dama, in ka sauke ta, ya dawo hagu gaba ɗaya. Ni dai in ce to, in ci gaba da ƙulla kunun ayata.

Baba kuwa ƙafar hagu ce ta karye. Ƙashi ya haɗe tuni, likita ya ce ya taka, Baba ya ƙi. Mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin buhunan goro da motocin tashar Ojoo ya koma zaman tabarma a gidanmu na Sabo, in zai miƙe sai ya rataya a kan sandar dogarawa, ƙafar tana lilo kamar ba tasa ba. Likita ya faɗa wa Inna cewa in aka ci gaba a haka ƙafar za ta shanye. Wannan magana ta hana ni barci, don na san taurin kan mahaifina. Lallashi bai yi ba, faɗan Inna ma bai yi ba.

Wata Asabar maigidana ya biyo don ya ɗauke ni daga gidan su Baba, jakar sandunansa a kafaɗa don yana tsoron barin ta a mota. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida Baba, kansa a ƙasa, yadda ya saba. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa haɗa ido da shi ba, maganarsu ba ta wuce gaisuwa. Baba ya ƙura wa jakar ido, sannan ya juyo gare ni.

"Ke, waɗannan ƙarafan na mijinki, na kashe maciji ne abi?"

Na yi masa bayani. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce shi da yana yaro a Arewa da sandar kiwo yake jefo kanya daga kan bishiya, ƙwallon da ke zaune a ƙasa ba ya gudu kuwa ai ko makaho ya buge shi. Ya ce a miƙo masa guda.

Nan aiki ya same ni. Suruki ba zai gyara wa surukinsa tsayuwa ba, balle ya kama masa kafaɗa. Saboda haka maigidana ya tsuguna bayan randa yana raɗa mini, ni kuma ina isarwa, alhali tsakaninsu bai kai tsawon tabarma ba, kuma Baba yana jin komai.

"Ki ce wa Baba ya ɗan buɗe ƙafa."

"Baba, wai ka buɗe ƙafa."

"Ki ce masa na ji, ba kurma ba ne ni."

Aka ajiye ƙwallon roba mai huji a tsakar gida. Baba ya jingina da ginshiƙi, duk nauyinsa a dama, ya kai duka. Sanda ta wuce ta sama, ƙwallo ko motsi. Ya sake, ya haƙo ƙasa. Ya sake, ƙwallon ya gangara a hankali ya tsaya gindin turmi. Inna, da ke suyar awarar sayarwa, ta ce, "Sannu Alhaji, ẹ pẹ̀lẹ́ o, kanya ta faɗo." Fuskar Baba ta haɗe.

Maigidana ya yi gumi sharkaf. Ya san maganin, amma maganin shi ne abin da duk gidan aka gaji da faɗa. Ya raɗa mini cewa ƙwallon ba zai tashi ba sai nauyi ya koma hagu. Na dubi Baba, na ga in na ambaci ƙafar nan zai yar da sandar. Sai na ce, "Baba, wai ya ce ka bari haka, bugun na masu jini a jika ne."

Maigidana ya zaro ido, ya kusa faɗawa cikin randa. Ban taɓa yi masa ƙarya mai daɗi irin wannan ba.

Baba ya matsa daga ginshiƙin, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga sandar har bayan wuya, ya sauke ta da duk haushin da ke cikinsa. Ƙwallon ya yi sama, ya haye katanga, muka ji akuyar maƙwabta ta yi kuka. Amma ba wanda ya bi ƙwallon da ido. Baba na tsaye ƙyam a kan ƙafar hagu, ta dama ta ɗago, babban yatsa kawai ke taɓa ƙasa. Awarar Inna ta ƙone a kasko ba ta sani ba.

"Baba! Balans! Wallahi ka yi balans!" Maigidana ne, a tsaye, yana ihu, idonsa cikin idon surukinsa.

Baba ya sunkuya ya dubi ƙafar ya daɗe. Ni kuma hawaye suka zubo mini, na murna da na tsoron da na daɗe ina ɓoyewa. Ya ɗan ƙara danna ta a ƙasa, ta riƙe shi. Sai ya ɗago, ya dubi maigidana kai tsaye, ba ta bakina ba.

"Oya, ɗana, ajiye wani. Ka zo nan ka nuna mini da kanka."